Rijiya Ɗaya, Guga Da Yawa: Alfanun Rababben Tsarin Sarrafa Ƙunshiya ga Shafukan Kasuwanci a Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci wani salon gina shafukan intanet na kasuwanci wanda ake raba rumbun bayanai da fuskar da mai saye ke gani, ta auna shi da yanayin ciniki a Daura da kewayenta. An ɗauki harkokin da ke kewaye da rijiyar Kusugu da cinikin kan iyaka a matsayin fagen nazari. Takardar ta nuna cewa babban alfanun tsarin a wannan yanki yana tattare da yawan kafofi da harsuna da nau'o'in rubutu da kuɗaɗen da magana ɗaya ke ratsawa kafin ta kai ga mai saye. Saurin shafi da tsaro, waɗanda kamfanoni suka fi tallatawa, a baya suke biyowa. An kuma nuna inda tsarin ya fi ƙarfin ɗan kasuwa guda.

1.0 Gabatarwa

Mai kanti a Daura a yau yakan faɗi farashin abu ɗaya a wurare da dama cikin yini guda. Yana faɗa wa wanda ya tsaya a bakin kanti, yana ɗora hoto a WhatsApp, yaronsa na sake ɗorawa a Facebook, ga kuma abokin ciniki daga Magarya ko Matamaye ta Nijar yana bugo waya yana tambaya da sefa. Idan farashin ya canza da hantsi, sai an bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya an gyara, kuma wanda aka manta da shi shi ke jawo gardama. Wanda ya mallaki shafin intanet a cikinsu ya ƙara wa kansa wuri na biyar ke nan, kuma galibi shi ake fara mantawa da shi, saboda gyaransa sai da kwamfuta ko kiran wanda ya gina shi.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi biyu. Ta farko: daga cikin alfanun da ake jingina wa rababben tsari, waɗanne ne ke tabbata idan aka kawo su ƙasar Daura? Ta biyu: wane irin ɗan kasuwa ne tsarin ya dace da shi, kuma a wace siffa?

1.1 Kalmomin Fannu

Ƙunshiya a nan na nufin duk abin da shafi ke ɗauke da shi: sunan kaya, farashi, bayani, hoto, murya, adireshi. Manhajar sarrafa ƙunshiya ita ce wadda ke ba mutumin da bai san rubutun manhaja ba damar shigar da waɗannan abubuwa da gyara su. Tana da ɓangarori biyu: rumbu, inda ake adana ƙunshiya, da fuska, wato abin da mai ziyara ke gani a allonsa. Idan manhaja ɗaya ce ke riƙe da rumbu kuma ita ke zana fuska, an kira shi haɗaɗɗen tsari. Idan kuwa rumbun na zaman kansa ne, ba shi da fuskar da aka ɗinke masa, yana miƙa ƙunshiya ga duk manhajar da ta nema ta wata ƙayyadaddiyar hanya, an kira shi rababben tsari, hanyar kuma an kira ta mahaɗa.

A Turance ana yi wa tsarin laƙabi da kalmar da ke nufin marar kai, domin an cire masa fuska. An kauce wa fassarar kai-tsaye, saboda a kunnen Bahaushe abin da ba shi da kai ya yi kusa da abin da ba kai ba gindi, alhali tsarin ya dogara ne kacokan a kan tsantsenin tsara bayanai. Kwatancen da ya fi kusa shi ne na rijiya: ruwan ɗaya ne, kowa na zuwa da gugansa, kuma rijiyar ba ruwanta da ko tulu za a cika ko jarka.

2.0 Waiwayen Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayi na farko na masu gina manhaja ne, kuma ya nuna cewa tushen fasahar ya girmi sunanta. A kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a shekarar 2000, Roy Fielding ya bayyana ƙa'idojin REST, waɗanda suka zama hanyar da manhajoji suka fi bi wajen karɓar bayanai daga juna ta intanet. A 2015 Facebook ya saki GraphQL, wadda ke ba mai nema damar zayyana ainihin guraben da yake so, kada a ɗora masa abin da bai tambaya ba.

Ra'ayi na biyu na masana tsara ƙunshiya ne. Ann Rockley ta yi rubutu tun farkon shekarun 2000 a kan rubuta bayani sau ɗaya a yi amfani da shi a wurare da yawa. A 2009 Daniel Jacobson ya bayyana yadda gidan rediyon NPR na Amurka ke adana kowane labari a gurabe, ya fitar da shi ga shafinsa da manhajojin waya da tashoshin da ke ƙawance da shi. Karen McGrane, a littafinta na 2012 a kan ƙunshiya da wayar hannu, ta soki ɗabi'ar zuba rubutu a dunƙule cikin akwati ɗaya, ta nemi a yayyanka shi zuwa sassa masu suna. Wannan rukuni ne takardar ta fi karkata gare shi.

Ra'ayi na uku na masu sayar da manhajar ne. An kafa Contentful a Balin a 2013, Strapi ta faro a Faransa a 2015, Sanity ta fito daga Oslo a 2017. Mathias Biilmann na kamfanin Netlify ya yayata salon gina shafuka tun kafin a neme su, a 2020 kuma wasu kamfanoni suka kafa ƙungiyar MACH don tallata irin wannan gini. Hujjojinsu sauri ne da tsaro da 'yancin sauya fuska. Akwai masu taka-tsantsan kuma. Dries Buytaert, wanda ya ƙirƙiro manhajar sarrafa ƙunshiya ta Drupal a 2001, ya yi gargaɗi a rubuce-rubucensa na 2015 da 2016 cewa raba tsarin gaba ɗaya na raba mai shafi da wasu sauƙaƙan abubuwa, kamar ganin shafi kafin wallafawa da jera shi da hannunsa, ya ba da shawarar a raba shi a hankali.

Abin da ya haɗa mafi yawan waɗannan ayyuka shi ne mai sayen da suke hasashe: mutum mai katin banki da intanet marar yankewa, mai karanta harufan Latin, mai shigowa ta burauza. Mai sayen Daura ya sha bamban da wannan hoto, kuma wannan giɓin ne takardar ta shiga.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar siffantawa da kwatantawa. An duba yadda tsarukan biyu ke aiki da kuma ƙa'idojin da suka shafi rubutun Hausa a na'ura, musamman Unicode da ƙa'idar saƙon tes ta GSM. An tattaro sanannun al'amuran da suka shafi sadarwa da ciniki a Jihar Katsina daga 2019 zuwa 2025. Sannan an gina misalai biyu na ƙiyasi, waɗanda ba sa nuni ga wani kamfani: masaukin baƙi a kusa da Kusugu, da dillalin hatsi mai hulɗa da kasuwar Mai'aduwa. Ma'aunin da aka yi amfani da shi ɗaya ne: ba a ƙirga abu a matsayin alfanu sai ya rage wa ɗan kasuwa aiki ko kuɗi, ko ya kai saƙonsa ga mai sayen da a da ba ya kai masa.

4.0 Fagen Nazari

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma hanyar da ta tashi daga Daura ta Kwangwalam ta bi Matamaye zuwa Damagaram. Kasuwar Mai'aduwa, mai ci ranar Lahadi, na haɗa fataken dabbobi da na hatsi daga ƙasashen biyu. A cikin birni, rijiyar Kusugu ita ce wurin da riwaya ta ce Bayajidda ya kashe maciji Sarki a zamanin sarauniya Daurama, kuma ita da fadar Sarki, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau gado a 2007, su ne baƙo ke fara nema. Sallar Gani da hawan sallah na cika garin da baƙi a kowace shekara. A 'yan shekarun nan an samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Daura aka tsara zai bi.

Ke nan masu saye iri-iri ne: ɗan gari, ɗalibin da ya zo daga kudu, falke daga ƙetare, da mai yawon buɗe ido.

5.0 Nazari

5.1 Yawan Kafofi

A haɗaɗɗen tsari irin na WordPress, wanda ya fito a 2003 kuma ƙididdigar W3Techs ta nuna yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, abin da ake rubutawa shafi ne. Sunan ɗaki da kuɗinsa da hotonsa sukan cakuɗe da ado a cikin akwati ɗaya. A rababben tsari abin da ake rubutawa abu ne mai gurabe. Mai masaukin da ke kusa da Kusugu zai buɗe nau'in ƙunshiya mai suna ɗaki, da gurbin suna, gurbin kuɗi, gurbin yawan gadaje, gurbin ko akwai wutar sola, gurbin hoto, da gurbin gajeren bayani. Daga wannan rumbu shafin intanet zai ɗiba, kundin kaya na Meta da ke ciyar da Facebook da WhatsApp zai ɗiba, manhajar tura saƙon tes za ta ɗiba, haka ma takardar farashi da ake bugawa a manna a ɗakin karɓar baƙi. Gyara ɗaya ya wadatar.

Nauyin wannan alfanu a Daura ya zarce yadda kamfanonin da kansu ke bayyana shi, domin a nan shafin intanet ba shi ne babbar ƙofa ba. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 aka ƙara mata kundin kaya a 2019, ita ce kantin da yawancin ƙananan 'yan kasuwa suka sani. Masu saye da yawa kuma sun fi son saƙon murya a kan rubutu. A rumbu mai gurabe, murya gurbi ce kamar sauran: a naɗi bayanin ɗaki ko na buhun gero sau ɗaya, a maƙala shi ga abin, ya bi shi duk inda ya je.

Akwai kuma batun mallaka. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Wanda duk hotunansa da bayanansa ke cikin kafar wani, ikon bakin rijiyarsa a hannun wani yake. Wanda rumbunsa ke hannunsa, idan kafa ɗaya ta toshe, wata yake buɗewa.

5.2 Harshe da Rubutu

A nan ne tsarin ya fi nuna amfaninsa, don haka za a ɗan tsawaita.

Hausar boko na da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ a rubutun Nijar, inda Najeriya ke rubuta 'y. Dukkansu suna cikin Unicode, saboda haka shafin intanet na nuna su lafiya muddin an zaɓi salon harafin da ke ɗauke da su. Saƙon tes kuwa labarinsa daban ne. Jerin haruffan GSM, wanda ke ba saƙo ɗaya haruffa 160, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Da zarar ƙ guda ɗaya ta shiga, saƙon gaba ɗaya na komawa wani tsari mai ɗaukar haruffa 70 kacal, idan kuma ya wuce haka a yayyanka shi 67-67. Sanarwa mai haruffa 150, wadda da saƙo ɗaya ce, ta zama uku. Dillalin da ke tura farashin hatsi ga abokan ciniki 400 zai biya kuɗin saƙo 1,200 maimakon 400. Hatta lanƙwasasshiyar alamar ɗauri da wasu wayoyi ke sakawa a gaban y tana jawo irin wannan, alhali miƙaƙƙiyar ba ta jawowa.

Mafitar da mutane suka samar wa kansu ita ce watsi da lanƙwasa gaba ɗaya, har a shafukan intanet da allunan talla. Hasarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce: kaya da ƙaya sun zama ɗaya, haka baki da baƙi, kara da ƙara, kasa da ƙasa. Abin lura shi ne juyawar hanya ɗaya take bi. Na'ura na iya mayar da ƙ zuwa k ba kuskure, amma ba za ta iya mayar da k zuwa ƙ ba sai ta fahimci jimlar. Hikimar ke nan a adana daidaitacciyar Hausa a rumbu, a bar kowace fuska ta sauƙaƙa ta gwargwadon bukatarta: shafi ya nuna cikakken rubutu, manhajar tes ta cire lanƙwasa a daidai lokacin turawa, adireshin shafi ya fito da sassauƙan haruffa, akwatin bincike kuma ya gane cewa wanda ya rubuta daki yana neman ɗaki ne. Haka nan 'ya'ya na iya zama ƴaƴa ga mai karatu daga Damagaram ba tare da an sake rubuta komai ba. A ganin wannan takarda, wannan ya wuce batun tsimin kuɗi. Hanya ce da ciniki zai daina lalata ƙa'idar rubutu don tilas.

Sai yawan harsunan. Masaukin da ke Kusugu na bukatar Hausa da Ingilishi, ga Faransanci domin baƙin ƙetare. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, abin da ke ƙara wa rubutacciyar Hausa daraja a cinikin kan iyaka. Manhajojin rababben tsari na ba da damar a ware guraben da ke bukatar fassara daga waɗanda ba sa bukata. Bayanin ɗaki na da siga uku, amma kuɗinsa da hotonsa ɗaya ne ga kowa. A WordPress sai an ɗora ƙarin manhaja irin su WPML ko Polylang, kuma galibi kowane harshe shafinsa daban, ta yadda za a iya gyara farashi a na Ingilishi a manta na Hausa. Adalci ne a faɗi cewa Drupal, duk da haɗaɗɗen tsari ne, ya zo da fassarar gurbi-gurbi tun sigarsa ta 8 a 2015.

Ajami ma na da gurbinsa. Akwai fatake da malamai da suka fi sakewa da shi a kan boko. Ana rubuta shi daga dama zuwa hagu, yana bukatar salon harafi na musamman irin su Alkalami da Harmattan na cibiyar SIL, kuma siga ta 13 ta Unicode, wadda ta fito a 2020, ta ƙara haruffan Larabci domin Hausa da wasu harsunan Afirka. A rababben tsari, ajami siga ce ta huɗu a gurbin bayani, mai fuskarta daban, ba tare da an taɓa ta boko ba. Sai dai rubuta shi aikin mutum ne wanda ya iya, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata a sa a lissafi.

Labarin rijiyar Kusugu kansa misali ne. Riwayar Bayajidda ta zo a rubuce a aikin H. R. Palmer na 1928, Abdullahi Smith ya yi mata tambayoyi masu zafi a 1970, M. G. Smith kuma ya fitar da littafinsa a kan Daura a 1978. Shafin da ya san abin da yake yi zai ware gurbin riwaya da gurbin sharhin masana tarihi, da gajeriyar siga ta allon bango da doguwa ta ɗalibi, kada su cakuɗe.

5.3 Kuɗi, Ma'auni da Kwanan Wata

Dillalin hatsi na ciniki da naira da sefa. A Hausar Nijar ana ƙirga sefa da dala, wato sefa biyar, ta yadda dala ashirin ke nufin sefa 100. Idan farashi rubutu ne a cikin jimla, kowane sauyi sai an sake rubuta jimlar a kowane harshe. Idan kuwa lamba ce a gurbinta, ga gurbin nau'in kuɗi, ga gurbin ma'auni, ko tiya ko mudu ko buhu, to canjin ranar sau ɗaya ake shigarwa, fuskar Najeriya ta nuna naira, ta ƙetare ta nuna sefa a lamba ko a dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, lokacin da dalar Amurka ke kusan naira 460 a farashin hukuma, har ta haura 1,500 a 2024, farashin da ya kwana biyu a shafi ba abin dogaro ba ne. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, sun nuna cewa hatta ina ake iya kai kaya bayani ne mai canzawa, wanda ya cancanci gurbinsa.

Haka kwanan wata. Sallar Gani na bin watan Rabi'ul Awwal, saboda haka tana matsowa da kusan kwana 11 a kowace shekara ta kalandar Miladiyya. A shigar da ranar wuri ɗaya, kuɗin ɗakunan lokacin biki da sanarwar ajiye wuri su bi ta.

5.4 Nauyin Shafi da Yankewar Sadarwa

A haɗaɗɗen tsari, duk lokacin da aka nemi shafi sai uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shi, ta tambayi ma'ajiyar bayanai ta harhaɗa shi. A rababben tsari ana iya gina shafukan tun da wuri da manhajoji irin su Hugo ko Astro ko Next.js, a rarraba kwafinsu a cibiyoyin da ke kusa da masu karatu, ciki har da Legas. Amfanin haka biyu ne. Kwafin da ke cikin ƙasa na iya ci gaba da buɗuwa a rana irin ta 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gabar Afirka ta Yamma. Kuma ginannen shafi na jure cunkoso, irin wanda masaukai ke fuskanta idan gari ya cika ba zato, kamar ranar 15 ga Yulin 2025 da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Daura.

Amma a yi hattara. Raba tsari shi kaɗai ba ya kawo sauri. Fuskar da aka lafta wa JavaScript na iya fin ta WordPress nauyi a ƙaramar waya, ta kuma cinye data, wadda kuɗinta ya ƙaru bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Abin da tsarin ke bayarwa dama ce ta gina fuska marar nauyi. Ko za a yi hakan ya rage ga magini. Ma'aunin Google na 2020, cewa babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, a wayar da mutanen gari ke riƙewa ya kamata a gwada shi. Idan kuma aka katse layukan waya ɗungurungum, kamar yadda aka yi a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a Satumbar 2021, babu tsarin da zai yi magani sai bugaggiyar takarda.

5.5 Tsaro

Rahotannin kamfanin Patchstack na nuna cewa mafi rinjayen kafofin kutse a WordPress daga ƙarin manhajoji suke fitowa. Ginannen shafi ba shi da ƙofar shiga ko ma'ajiyar bayanai a fili, don haka wuraren kai hari sun ragu. Rabuwar kuma na sauƙaƙa ware ƙunshiyar da kowa ke gani daga bayanan abokan ciniki, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan adana su da fitar da su ƙasashen waje. Biyan kuɗi sai a bar wa Paystack ko Flutterwave.

6.0 Tsada da Iyaka

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haɗaɗɗen tsari na zuwa da fuskarsa, mutum ya zaɓi ado ya fara aiki a yini ɗaya. Rababben tsari rumbu kawai yake bayarwa. Kowace fuska sai an gina ta, kuma idan ana son sabon salon shafi sai an koma ga magini. Manhajojin da kamfani ke riƙe wa mutum, irin su Contentful da Sanity, na da matakin kyauta, amma abin da ya wuce shi da kuɗin waje ake biya, kuma a 2022 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙetare. Waɗanda mutum ke ɗorawa a uwar garkensa, irin su Strapi da Directus, ba sa cin wannan kuɗi ga ƙaramin kasuwanci, sai dai suna bukatar mai kula da sabuntawa da ajiye kwafi.

Hukuncin takardar a nan a fili yake. Mai kanti ɗaya, mai kaya talatin, mai harshe ɗaya, bai da bukatar wannan tsari. Kundin WhatsApp ya ishe shi, kuma maginin da ya tallata masa rababben tsari ya ɗora masa kayan da ba nasa ba. Tsarin na fara biyan kuɗinsa ne idan kafofi sun kai uku, harsuna sun kai biyu, kuma farashi na canzawa a kai a kai. Wanda ya riga ya mallaki shafin WordPress ma ba sai ya rushe shi ba, domin tun siga ta 4.7, ta Disambar 2016, manhajar na ɗauke da mahaɗar REST, ana iya ɗiban ƙunshiya daga cikinta zuwa wasu kafofi.

7.0 Siffar da Ta Dace da Daura

Tun da tsadar a gini take, ba a yawan masu amfani ba, siffar da ta fi dacewa ita ce rumbun haɗin gwiwa. Masaukai, masu abinci, dukawa, masu hayar mota da masu yi wa baƙi jagora a Kusugu na da ƙunshiya mai kama da juna: suna, wuri, lambar waya, lokacin aiki, kaya ko hidima, farashi. Taswirar gurabe ɗaya za ta ɗauke su duka. Kowa ya samu izinin gyara nasa kaɗai, bayanin tarihi da ranakun bukukuwa kuma su zauna a hannun wanda masarauta ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha ta amince da shi. Daga rumbun za a fitar da shafin gari, da ƙaramin shafi ga duk wanda ya so nasa, da lambar da baƙo zai haska da waya a bakin rijiyar. Idan jirgin ƙasa ya fara tsayawa, allon tasha fuska ce guda da za a ƙara. Kula da rumbun aiki ne da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na manyan makarantun garin za su iya ɗauka a ƙarƙashin malamansu, da sharaɗin a rubuta komai, domin ɗalibi na gamawa ya tafi.

Aikin farko bai bukatar manhaja ko ɗaya. A zauna da 'yan kasuwar a fitar da jerin gurabe a takarda, a amince a kan sunayen ma'aunai da ƙa'idar rubutu, a cike su na wata guda a jadawalin kwamfuta don a ga waɗanda ake cikewa da waɗanda ake tsallakewa. Bayan nan a zaɓi manhajar da allon gyaranta ke aiki a waya, a kuma sa wa kowane mai gyara madannin da ke da ɓ da ɗ da ƙ. A yarjejeniyar da za a yi da magini a tanadi abu biyu: ya riƙa miƙa cikakken kwafin ƙunshiya a sigar JSON ko CSV duk ƙarshen wata, kuma sunan shafin, mai ƙarewa da .ng, a yi masa rajista ta dillalan da NiRA, mai kula da rajistar .ng, ta amince da su da sunan ƙungiyar 'yan kasuwar.